Ko Kun Sani? Da Iska Gingimari Ke Taka Birki

Manyan motocin da ke ratsa Kore Mairuwa da Dogondutsi, a kan hanyar Yamai zuwa Birnin Ƙonni, birkinsu na iska ne. Injin ke matsa iskar cikin tanki, tiyo ya kai ta ƙafafu. In zafi da gogayya suka tsattsage tiyon, sai a ji huci a ƙarƙashin mota, birki ya yi sanyi. In iskar ta ƙare kuwa, ƙafafun baya su ƙame. Shi ya sa kamfanonin ƙera motoci kan janye motocin da aka gano lahani a tiyonsu. A Amurka, tun 1974 doka ta wajabta musu gyaran kyauta.