Buhu nawa ne tsakanin kwano da kanka?

Duk wanda ya taɓa gina ɗaki a Birnin Ƙonni ko Malbaza ko Illela ya san yadda ake zama da magini a yi lissafi: bulo kaza, siminti buhu kaza, yashi mota kaza, kwano bandir kaza. Daga an kai kan kwano sai lissafi ya tsaya. Silin kuwa sai an samu hali, abin da za a shimfiɗa a bayan silin kuma ba ma wanda ya sa shi a baki. Tun shekarun 1960 ake yin siminti a Malbaza, kuma ginin bulo da kwano ya daɗe da zama shaidar cewa mutum ya samu. Amma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Ƙonni ke haura digiri 40 a inuwa, kwanon da rana ta doka kan kai digiri 60 ko 70. Zafin nan ba iska ce ke sauko da shi ba, daga jikin kwanon yake fitowa kai tsaye ya sauka kan mutum da kayan ɗaki. Shi ya sa fanka ba ta maganinsa, sai dai ta juya shi. Manomin albasa a Galmi ba zai jibge amfaninsa a ƙarƙashin kwano tsirara ba, rudu yake yi masa na kara da ciyawa, iska na ratsawa. Iyalinsa ne ke kwana inda albasa ba za ta jure ba.

A ƙasashen sanyi irin su Kanada da arewacin Amurka, matsalarsu ita ce tamu a juye: ɗumin ɗaki ke tserewa ta sama. Ɗaya daga cikin magungunan da suka saba da su shi ne tsofaffin jaridu da aka niƙa suka koma kamar auduga, aka haɗa su da sinadarin da ke hana wuta da ƙwari, sannan a hura su da inji ta cikin mesa su kwanta a bayan silin. A wuraren da sanyi ya fi tsanani, ma'aikatar makamashi ta Amurka na ba da shawarar ma'aunin da suke kira R-49 zuwa R-60, wato kaurin kusan santimita 35 zuwa 45 na irin wannan abu. Injin hurawa bai dame mu ba. Abin ɗauka a wurinsu shi ne ba sa sayen buhu ko ɗaya sai sun san abu uku: faɗin wurin, kaurin da suke so, da yadda abin zai lotsa bayan ya kwana biyu. Abin da ke hana ɗumi fita shi ne dai ke hana zafi shiga, domin aikin duka na iskar da ta maƙale a tsakanin zare-zaren ne.

Mu ɗauki ɗaki mai mita 4 tsawo, mita 4 faɗi. Silinsa murabba'in mita 16 ke nan. Idan ana son shimfiɗa mai kaurin santimita 10, a ninka 16 da 0.10, a samu mita kubik 1.6, wato lita 1,600. Buhun da ke cin kilo 100 na gero yana ɗaukar wajen lita 125, saboda haka buhu 13 ake bukata. Sai a ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda lotsawa, ya zama buhu 15 ko 16. Buhu suna suka tara, gara mutum ya auna nasa da bokitin da ya san litarsa kafin ya biya kuɗi.

Me ya sa santimita 10, ba 40 ba? Domin ribar kauri raguwa take yi. Santimita 10 na farko su ke tare mafi yawan zafin. Idan ka ninka zuwa 20, rabin ragowar da ke ratsawa kaɗai ka rage. In ka sake ninkawa, rabin wancan ragowar. Mai biyan kuɗin ɗumama gida wata shida a shekara yana da dalilin bin wannan ragowa har ƙarshe. Mai ɗakin bulo da bangonsa na yamma ke shan rana tun azahar, gara ya kai sauran kuɗin ga rumfa ko itacen inuwa.

Cikin abin da ake samu kusa, ɓuntun shinkafa ya fi cancanta, don yana da sinadarin yashi a jikinsa har kusan kashi ɗaya cikin biyar, ba ya saurin kama wuta, ba ya saurin ruɓewa. Sai dai Ƙonni ba ƙasar shinkafa ba ce sosai, sai an nemo shi inda ake casa, kamar ɓangaren Sakkwato. Ƙaiƙayin gero da garin katako suna tare zafi, amma ni ba zan ba kowa shawarar ɗora su a kansa ba: abincin gara ne, gidan ɓera ne, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe su. Mai hali ya sayi audugar gilashi ta naɗi, wadda lissafinta faɗi ne kawai, tunda kaurinta a rubuce yake.

Inda lissafin aro ke yaudara shi ne nauyi. Buhu 16 na ɓuntu sun kai kilo 200, wato wajen kilo 12 a kan kowane murabba'in mita. Silin roba ko siririn falanki da aka buga da ƙananan ƙusoshi daga ƙasa ba zai ɗauka ba, sannu a hankali zai yi ciki. A faɗa wa kafinta tun farko, ya matso da katakan kusa da juna, kada tazararsu ta wuce santimita 60.

Maginan gargajiya sun san wannan lissafi ba tare da takarda ba. Rufin soro mai ƙasa santimita 15 a kan ɗaki irin wancan ya kai tan 4, shi ya sa faɗin ɗaki ke bin ƙarfin azara. Ƙasa ba ta tare zafi yadda ɓuntu ke yi. Shanye shi take yi ta jinkirta shi, ba ya isowa ciki sai rana ta faɗi. Azara ta yi tsada, giginya ta yi ƙaranci, yaɓe kuma kowace shekara ne, don haka ba na ganin laifin wanda ya koma kwano. Amma ginin ƙasa bai rasa daraja ba: a Yama, cikin gundumar Illela, masallacin ƙasa da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji kuma Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji.

Wanda ya riga ya buga kwano, kafin ya zuba komai ya toshe duk inda ke yoyo, don jiƙaƙƙen ɓuntu ba ya tare zafi, nauyinsa kuma ƙaruwa yake. Ya sa wayoyin lantarki cikin bututu, kada shimfiɗa ta rufe mahaɗarsu ko kan ƙwan fitila. Ya bar sarari tsakanin shimfiɗa da kwano, da kafofi biyu masu fuskantar juna don iska mai zafi ta fita, a sa musu raga saboda jemage. Farin fenti a bayan kwano na rage zafinsa tun daga sama, ko da yake ƙurar hunturu na dusashe shi, sai an riƙa wankewa. Da dare kuma a buɗe tagogi, domin silin da ya hana zafi shiga da rana zai hana wanda bango ya tara fita ta sama.