Yadda Kwamitin Fasaha na Debian Yake Kaɗa Ƙuri'a

Debian tsarin sarrafa kwamfuta ne na dangin Linux wanda Ian Murdock ya assasa a shekarar 1993. Buɗaɗɗiyar manhaja ce: kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu. Babu kamfanin da ya mallake ta, 'yan sa-kai ne daga ƙasashe daban-daban suke haɗa ta, kowannensu da ɓangaren da yake kula da shi. Da yake ba albashi ake biyansu ba, ba wanda zai iya tilasta wa wani aiki. To, idan biyu daga cikinsu suka saɓa kan wata matsalar fasaha, wa zai raba gardamar? Kundin tsarin mulkin Debian da aka amince da shi a 1998 ya ɗora wannan nauyi a kan Kwamitin Fasaha.

Mambobin kwamitin ba sa wuce takwas, kuma ana so kada su gaza huɗu. Kwamitin ne ke ba da sunan sabon mamba, Shugaban Debian ya naɗa shi ko ya ƙi. Mambobin ne kuma ke zaɓen shugaban kwamiti daga cikinsu.

Ikon kwamitin yana da girma, amma an kewaye shi da sharuɗɗa. Ba ya yanke hukunci sai an gwada sasantawa an kasa, ko kuma mai alhakin aikin ya kawo masa maganar da kansa. Ba ya zama ya ƙirƙiro sabon tsari dalla-dalla, aikinsa zaɓi ne tsakanin shawarwarin da aka riga aka tattauna a wani wuri, ko daidaita su. Muhawara da ƙuri'u duk a fili suke, kowa na iya ganin abin da kowane mamba ya zaɓa. Maganar naɗin sababbin mambobi ce kawai aka yarda a tattauna ta a asirce.

Kowane mamba na iya gabatar da ƙuduri, sauran kuma su ƙara nasu zaɓin a kan takardar ƙuri'a. A kowace takarda akwai zaɓi guda da ba a cire shi, wanda a da ake kira "a ci gaba da tattaunawa", daga 2022 kuma ya koma "babu ko ɗaya daga cikin waɗannan". Shi ne ma'auni. Duk shawarar da ba ta rinjaye shi ba ta faɗi, kuma dole aƙalla mutum biyu su fifita ta a kansa kafin a lissafa da ita. Ana ba da mako guda na kaɗa ƙuri'a, amma ana iya rufewa da zarar ƙuri'un da suka rage ba za su iya sauya sakamako ba. Kafin a rufe, mamba na da damar sauya ra'ayi.

Mai ƙuri'a ba abu ɗaya yake zaɓa ba, jera zaɓuɓɓukan yake yi daga wanda ya fi so zuwa wanda ya fi ƙi. Wurin ƙidaya sai a gwama su biyu-biyu: mutum nawa suka sa na farko sama da na biyu, nawa suka yi akasin haka, har a zagaye duka. Zaɓin da ya doke kowanne a wannan karawa shi ya yi nasara. Tushen wannan dabara yana komawa ga Condorcet, masanin lissafin Faransa na ƙarni na 18. Wani lokaci abin yakan zagayo, na farko ya doke na biyu, na biyu ya doke na uku, na uku kuma ya doke na farko. Domin warware irin wannan ne Debian ta ɗauki hanyar Markus Schulze a 2003, inda ake zubar da nasara mafi rauni har a samu gwani. Amfanin jerin a bayyane yake: shawarwari biyu masu kama da juna ba sa raba kan magoya bayansu har ta uku ta wuce a ɓagas.

Hukunci mafi nauyi shi ne soke matakin da mai kula da wani ɓangare ya ɗauka a kan aikinsa. Nan rinjaye kawai bai isa ba, sai masu goyon baya sun ninka masu adawa sau uku, wato shida da biyu idan duk takwas sun kaɗa. Idan wanda ake son soke matakinsa mamba ne a kwamitin, ba ya kaɗa ƙuri'a. Kwamitin ma ba shi ne ƙarshe ba, domin dukkan mambobin Debian na iya rushe hukuncinsa ta babban ƙuduri mai rinjayen biyu bisa ɗaya.

An ga ƙarfin waɗannan dokoki da iyakarsu a Fabrairun 2014, lokacin da aka nemi kwamitin ya zaɓi manhajar da za ta riƙa tayar da ayyukan kwamfuta idan an kunna ta a Debian 8. Aka yi kunnen doki, huɗu suka fifita systemd, huɗu suka fifita Upstart na kamfanin Canonical. Kundin ya ba shugaban kwamiti ƙuri'ar warware kunnen doki, sai shugaban na lokacin, Bdale Garbee, ya ba systemd. Ta fuskar doka babu aibu a hukuncin, har Ubuntu, tsarin kamfanin Canonical ɗin, ma ta sanar cewa za ta bi sahu. Sai dai hukunci mai girma irin wannan da ya rataya a kan ƙuri'ar mutum ɗaya bai kwantar da hankula ba. A Nuwamba na shekarar mambobin kwamitin Colin Watson da Russ Allbery da Ian Jackson suka ajiye kujerunsu, wasu mutane daban kuma suka ɓalle daga Debian suka kafa Devuan wadda ba ta amfani da systemd.

A Janairun 2015 aka gyara kundin aka sa wa mambobi wa'adi, abin da babu shi a da. Yanzu duk ranar 1 ga Janairu, mamban da ya haura wata 42 a kwamitin, kuma yana cikin biyun da suka fi daɗewa, wa'adinsa ya ƙare, kuma ba a sake naɗa shi sai bayan wata 12.