Direban Katin Sadarwa a Kan Saba: Misali Daga New Bell, Duwala

Kalmar direba da muka aro daga Ingilishi tana da ma'ana ta biyu a fagen kwamfuta. Direba wata 'yar manhaja ce da ke tsakanin babbar manhajar kwamfuta da wani sashe na ƙarfenta, kamar katin sadarwa, wato wanda ake soke wayar intanet a bakinsa. Masu gyara a Kano direba suke cewa. Takwarorinsu Hausawan New Bell kuwa, da yake galibin kwamfutocinsu da Faransanci suke magana, pilote suke cewa, ma'ana matuƙi. A ganina duka biyun ba su dace ba, domin aikinsa na tafinta ne: manhaja ta faɗa, shi ya fassara wa kati.

A ƙaddara wani shagon buga takardu ne a unguwar Hausawa, kusa da babbar kasuwa, mai kwamfutoci goma da saba ɗaya, wato uwar kwamfutocin, mai raba musu intanet da ajiye ayyukan mutane. Sabar ta mutu, mai shago ya sayo kwamfutar gwanjo, aka ɗora mata Windows Server 2019. Ta tashi, amma babu sadarwa, ga masu jiran takardunsu a bakin ƙofa. Inda gizo ke saƙar shi ne, direban yana intanet, intanet kuma ba ta samuwa sai da direban.

Kada a yi saurin zargin direba. A fara duba waya da 'yar fitilar da ke bakin katin, domin laimar Duwala tana sa bakin waya tsatsa. Idan kwamfutar ta nuna adireshi mai farawa da 169.254, to kati da direba suna aiki, na'urar da ke raba adireshi ce ba ta amsa ba.

In ba haka ba, sai a buɗe shafin jerin na'urori, wanda a Faransanci ake kira Gestionnaire de périphériques. Alamar rawaya a kan kati tana zuwa da lamba. Lamba 28 na nufin ba a sa direba ba sam. Lamba 10 kuwa na nufin katin ya kasa tashi, sau da yawa saboda an ba shi direban da ba nasa ba. A nan ɗalibi ya lura, sunan da ke jikin kwali ko abin da ɗan kasuwa ya faɗa ba hujja ba ne. Kowane kati yana ɗauke da lambar shaidarsa. Abin da ya biyo bayan VEN shi ne kamfani: 8086 Intel ke nan, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom. Abin da ya biyo bayan DEV shi ne samfurin. A rubuta su, a je wata kwamfutar a sauko da direban daga shafin kamfanin da kansa, a kawo shi a filashi.

Sai dai a misalinmu wannan ma ba lalle ya wadatar ba. Kwamfutocin gida da yawa suna zuwa da katin Intel I219-V, wanda kamfanin bai tanadar masa direban saba ba. Direban yana tafe da wani ƙaramin fayil mai ƙarewa da INF, inda aka jera katuna da manhajojin da aka yarda su haɗu, kuma sunan wannan kati ba ya cikin layin saba. Wato kati lafiya, direba lafiya, izini ne babu. Wasu masu gyara sukan buɗe fayil ɗin su sauya layukan, amma yin hakan yana ɓata sa-hannun kamfani, sai an kashe tsaron da ke tantance direbobi kafin Windows ta karɓa. Wasu kuma sukan zaɓa masa direban ɗan'uwansa I219-LM da hannu, kuma yakan yi aiki. Ni dai, na'urar da cinikin mutum ya rataya a kanta ba zan bar ta a kan dabara ba. Gara a sayi kati dabam wanda aka san yana da direban saba, a soke shi a gurbin da ke kan allon kwamfutar, a kashe na asalin.

Akwai kuma katin da ke aiki amma yana tafiyar hawainiya ko yana yankewa. An sha ganin haka a 2007, lokacin da kunshin gyara na biyu na Windows Server 2003 ya kunna tsarin da ke ɗora wa kati wani ɓangare na aikin manhaja, alhali tsofaffin direbobi ba su iya ɗauka ba. Maganin shi ne sabunta direba ko kashe tsarin. Idan kuwa bayan sabuntawa ne ciwon ya fara, a shafin direban akwai maɓallin komawa ga na da. Wanda ya gyaru, a kwafe shi a filashi, a rubuta lambar katin a jiki, a ba mai shago ya adana.