Takardar kayana tana Sokode, ni ina Dapaong

Ranar wata Juma'a ce, wajen ƙarfe 11 na safe, ina zaune a shagon wani abokin cinikina kusa da babbar kasuwar Dapaong muna lissafin bashin tayoyi da sarƙar babur, sai wayata ta yi ƙara. Mutumin da ke fitar mini da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Lome ne. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Alhaji, ina takardar sakin kaya? Mutanen Sin sun ce tun da asuba suka tura maka ta imel. In ban shigar da ita yau ba sai Litinin, kuma kafin Litinin kwanakin kyauta sun ƙare."

Duk wanda ya taɓa shigo da kwantena ya san nauyin wannan magana. Da zarar kwanakin kyauta sun cika, kowace wayewar gari kuɗi ne, na kamfanin jirgi daban, na ajiya daban. Kuma kayan ba nawa ne ni kaɗai ba. Mu uku muka haɗa kwantenar, duk 'yan Zongon Sokode, amma sunana ne a takarda. Asarar kuɗi da sauƙi a kan a ce sakacinka ya ja wa maƙwabta asara.

Na ce bari in kira Guwanzu su sake turowa ta WhatsApp. Sai na tuna agogonsu ya riga namu da awa 8. Ƙarfe 7 na dare ke nan a can, ofis a rufe, ga hutun ƙarshen mako. Ko da ma a buɗe yake, kamfanin da nake hulɗa da shi ba ya aika takardar kaya sai ga adireshin da ke cikin yarjejeniya. Da can haushin wannan taurin kai nake ji. Yanzu na gane kariya ce daga 'yan damfara.

Adireshin kuwa tsoho ne. Tun lokacin da aka ja mana layin intanet zuwa gida a Sokode, kamfanin ya haɗa mana da akwatin imel kyauta. Wani ma'aikacinsu ya saita shi a kwamfutar da ke falo, ya tafi. Daga ranar ban sake rubuta kalmar sirrin ba, kwamfuta ce ke tunawa. Na buga adireshin a katin shago, na ba Guwanzu, na ba banki, na ba ofishin haraji na OTR. Shekara da shekaru bai taɓa zuwa mini a rai ba cewa akwatin da arzikina ke ciki a falo yake zaune, ni kuma rabin wata a hanya nake yi.

Komawa gida ba abin yi ba ne. Tsakanin Dapaong da Sokode kusan kilomita 300 ne, ka bi Mango, ka bi Kara, kuma tun da aka sa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes a 2022 ba a cika ƙetare shingayen jami'an tsaro da gaggawa ba. Kakanninmu fatake da suka bi ta Sansanin Mango da jakuna zuwa Gwanja neman goro, wasiƙarsu a cikin rawani take tafiya tare da su. Ni ga waya mai tsada a aljihu, tawa wasiƙar ta gagare ni.

Na kira Hajiya. Ba ta taɓa kwamfuta, amma ta san inda kowace takarda take a gidan nan. Ta buɗe akwatin ƙarfe, ta zaƙulo takardar da muka sa wa hannu ranar da aka ja layin, ta ɗauki hotonta ta turo. Ga sunan shiga, ga kalmar sirri, ga wasu layuka biyu da ban taɓa kula da su ba. Na buɗe shafin imel na kamfanin a waya, na shiga. Alhamdu lillahi, ya buɗe. Amma akwatin wayam, ko saƙo ɗaya babu.

Nan gabana ya faɗi. Abokin cinikina ya ja ni wurin wani saurayi mai gyaran waya a bakin kasuwa, ɗan Moba ne amma Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Ya duba hoton takardar, ya yi murmushi ya ce, "Baba, an kunna kwamfutar gida yau?" Na sake kiran Hajiya, ta ce ai yarinya ta kunna da safe ta buga aikin makaranta kafin ta fita.

To ga bayanin da ya yi mini, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Hanya biyu ce na'ura ke ɗaukar saƙo daga rumbun kamfani. Ta farko sunanta POP. Ita kamar ɗan aike ce da ke zuwa gidan waya ya kwashe wasiƙu duka ya kawo gida, ya bar akwati fanko, sai fa in an umurce shi ya bar kwafi. Ta biyu IMAP. Ita wasiƙun na nan a rumbu, kai dai leƙawa kake yi, ko daga kwamfuta ko daga waya, abu ɗaya za ka gani. Kwamfutarmu a kan POP take. Yarinya na kunna ta, ta haɗiye takardata ta share ta daga rumbu.

Sauran aikin 'yata ce ta yi, wadda nake kira Uwata don sunan mahaifiyata gare ta. Hajiya ta aika ɗan zemijan ya ɗauko ta daga makaranta lokacin hutun rana. Ta buɗe kwamfuta, ta sami saƙon, ta tura wa mutumin Lome kai tsaye. Muna fitowa daga masallacin Juma'a ya kira ya ce ta shiga. Da na yi mata godiya sai ta ce, "Baba, ai tun bara nake ce maka a sa shi a waya." Gaskiyarta, ta faɗa. Ni ne na ɗauka maganar yara ce.

Da yamma na koma wurin saurayin muka saita wayar. A manhajar Gmail da ke cikin waya akwai wurin ƙara wani akwati ko da ba na Google ba ne. Sai ka zaɓi IMAP, ka rubuta cikakken adireshi da kalmar sirri, sannan sunan rumbun da ke karɓo saƙo, wato ɗaya daga layuka biyun nan na takarda, da lambar ƙofa 993 tare da tsaron SSL. POP mai tsaro lambarsa 995 ce, kada a haɗa su. Layi na biyu na rumbun aikawa ne, SMTP. A nan muka ɗan sha wuya: saƙo na shigowa amma ba ya fita. Ashe wasu rumbunan suna karɓar saƙo ba tambaya in daga layin gida ya fito, amma daga data ta waya sai ka nuna ko kai wane ne. Ya kunna wurin da ke neman shaidar shiga, ya sa ƙofa 587, wasu kan yi amfani da 465, sai ga saƙon gwaji ya tafi.

Abu ɗaya da yaron ya yi ya burge ni. Da aka zo kalmar sirri, miƙo mini wayar ya yi ya juya kansa. Amma ya riga ya ga hoton takardar, shi da kansa ya ce in canza ta a daren nan. Ba kowane mai gyara ke da wannan halin ba. Wanda ya shiga imel ɗin ɗan kasuwa yana iya zama shiru yana karantawa, sai ranar biyan kuɗi ya aiko da lambar asusun banki ta bogi da sunan mai kayanka. Ni yanzu duk saƙon da ya ce an canza asusu, sai na kira na ji murya.

Da na dawo Sokode Uwata ta mayar da kwamfutar ita ma kan IMAP, bayan ta adana tsofaffin saƙonnin a filashi. In ba a yi haka ba, kwamfuta za ta ci gaba da kwashewa, wayar ta zama ado.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna, kuma ya shafi duk mai zaman ci-rani. Akwatin da kamfanin intanet ya ba ka yawanci ɗaure yake da layin gidanka. Mu kuwa mutane ne masu tashi. Yau Sokode, baɗi Kwatano ko Kumasi, ko a koma Maraɗi. Ka yanke layi, ko ka daina biya, akwatin na iya rufewa, kuma duk inda ka ba da adireshin can za a ci gaba da aika maka saƙo. Su kansu kamfanonin suna sauya suna da hannu. A nan Togo mun ga Togo Telecom da Togocel sun zama Togocom, an sayar da kashi 51 a 2019, a 2024 kuma suna ya koma Yas. Moov ma ya zama Moov Africa. Don haka sunan rumbun da ke tsohuwar takardarka ba lalle ya zama shi ne na yau ba. Ka je ofishin naka kamfanin da katin shaida ka tambaya, ka kuma tambayi me zai faru da akwatin in ka bar su.

Ni na buɗe sabon akwati na Gmail, wanda ba ruwansa da layin gida, na sa tsohon ya riƙa tura masa kwafin duk abin da ya shigo. Lambar da za a aika wa saƙo in na manta kalmar sirri ta Hajiya na sa, don layinta bai taɓa mutuwa ba, nawa kuwa sau uku ina canzawa. Banki sun karɓi sabon adireshin da takarda ɗaya. Mutanen Guwanzu sun ce sai na aiko da wasiƙa mai hatimin shago daga tsohon adireshin, na kuma tabbatar ta kiran bidiyo. Wata biyu aka yi kafin su yarda. Katunan shago na da, guda ɗari huɗu da wani abu, suna nan a durowa. Uwata na bin su ɗaya bayan ɗaya da biro tana gyara adireshin.