Shatar Jirgin Sama: Inda Arahar Take Fitowa

A watan Yulin 2024 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta dakatar da izinin masu ƙananan jiragen alfarma goma, bayan uku da ta dakatar a watan Afrilu saboda ɗaukar fasinja don kuɗi ba tare da lasisi ba. Labarin ya shafi manyan 'yan kasuwar unguwar Briqueterie ta Yawunde da ke da hulɗa da Kano da Abuja, domin a kasuwar shatar jirage ta Najeriya ne dillali zai nemo musu jirgi ranar da gaggawa ta taso. Duk wanda ya kwatanta farashin shata bai tambayi irin takardar da jirgin ke ɗauke da ita ba, bai kwatanta komai ba.

Takardun iri biyu ne. Akwai lasisin haya, wanda ke ɗora wa kamfani binciken injin a kan kari, da horar da matuƙa, da ƙayyade awannin aikinsu, da inshorar fasinja. Akwai kuma izinin da ake ba attajiri ya ɗauki kansa da iyalinsa da baƙinsa, ba tare da karɓar ko sisi ba. Mai izini na biyu ba ya ɗauke da nauyin na farko, shi ya sa yake iya karya farashi. Ragin da dillali ke tallatawa daga nan yake fitowa, kuma idan tsautsayi ya auku kamfanin inshora na da hujjar zame jiki, tunda ba a yi yarjejeniyar haya da shi ba. Jirgin da ya yi hatsari wajen sauka a Ibadan a Nuwamban 2023 ɗauke da ministan lantarki, masu bincike sun gano irin wannan izinin ne a hannun kamfaninsa. Sai kuma abin da ba a cika faɗa wa mai shata da wuri ba: jirgin da ke ajiye a Legas zai zo filin jirgin Nsimalen na Yawunde wayam, ya koma wayam, kuma shi zai biya man duka biyun, har da kuɗin sauka da kwanan matuƙa.

Masu kare shatar araha na cewa dole ce ke sa su. Suna da ɗan gaskiya. Kamfanin jiragen Kamaru, Camair-Co, da ya fara tashi a 2011, ya sha fama da ƙarancin jirage, jirgin ƙasa zuwa Ngawundare kuwa kwana guda ne a hanya. Amma wannan hujja ce ta yin shata, ba ta shiga jirgin da doka ba ta yarda ya yi haya ba.

Alhaji, kafin ka tambayi nawa ne, ka ce a nuna maka lasisin haya da takardar inshora mai lambar jirgin da za ka hau. Dillalin da ya fara kame-kame, ka bar masa jirginsa.