Aikin Kwamfuta a Makarantun Ƙasa da Ƙasa: Gaskiyar da Ke Cikin Jita-jitar da Ƙaryar da Ke Ciki

Saƙon yakan zagayo ta WhatsApp da salo iri ɗaya: wata makarantar ƙasa da ƙasa a Dubai ko Doha ko Bankok tana neman masanin kwamfuta cikin gaggawa, albashi da dala, gida kyauta, tikitin jirgi kyauta, fasfo da takardar digiri kawai ake buƙata. A ƙasa kuma ga lambar wanda zai haɗa ka da su. A ɗaya gefen akwai masu cewa kada ma ka wahalar da kanka, waɗannan makarantu ba sa ɗaukar kowa sai Bature. Maganar farko tana raba matasanmu da kuɗinsu, ta biyu tana sa su juya wa dama ta gaske baya, kuma kowace a cikinsu ta samu gindin zama ne saboda akwai ɗan ƙanshin gaskiya a jikinta.

Makarantun dai akwai su, kuma da yawa. ISC Research, kamfanin da ke bin diddigin wannan fanni, ya ƙirga sama da 14,000 a duniya a shekarar 2024, kuma Sin da Indiya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na cikin ƙasashen da suka fi tara su. Yawancin ɗalibansu a yau ’ya’yan masu hali ne na ƙasar da makarantar take, ba ’ya’yan jakadu kaɗai ba kamar da. Kowace tana da intanet da kwamfutoci da manhajar da ke riƙe da makin ɗalibai, kuma dole wani ya kula da su. Don haka duk wanda ya ce maka aikin babu shi, bai san abin da yake faɗa ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne a zaton cewa duk aikin kwamfuta a makaranta abu ɗaya ne. Akwai mai gyara, wanda ke jan waya, yana saita wayfai, yana tayar da majigin da ya mutu ana tsakiyar darasi, yana sauya wa malamin da ya manta kalmar sirrinsa wata sabuwa. Akwai malamin da ke shiga aji ya koyar da kimiyyar kwamfuta a tsarin karatu na IB ko na Cambridge. Akwai kuma wanda aikinsa shi ne ya zauna da malamai, ya nuna musu yadda za su shigar da fasaha cikin darasin tarihi ko lissafi ba tare da ta zama abin wasa ba. A samansu duka akwai daraktan fasaha mai riƙe da kasafin kuɗi da tsare-tsare.

Aikin mai gyara, kusan ko'ina, ɗan gida ake ba wa. Dalilin kuɗi ne da doka. Makarantar da ke Nairobi ko Jakarta za ta samu ƙwararren mai kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta a garin da take, wanda ya san kamfanonin intanet na ƙasar, yana jin harshen masu sayar da kaya, ba ya buƙatar biza ko gida ko tikiti. Hukumomin ƙwadago a ƙasashe da dama sukan so a nuna musu cewa ba a samu ɗan ƙasa da zai iya aikin ba kafin su ba baƙo izini, kuma Saudiyya tun 2011 take da tsarin Nitaqat da ke tilasta wa kamfanoni cike wani kaso na guraben aikinsu da ’yan ƙasa. A ƙasashen Larabawan Gulf za ka ga baƙi a wannan aiki, amma galibi waɗanda suka riga suna zaune a can ne, a kan albashin ’yan gida. Saboda haka mai takardar CCNA ko CompTIA da ke zaune a Kano, wanda aka ce masa wata makaranta za ta ɗauko shi da jirgi don ya riƙa gyara kwamfuta, ya tsaya ya yi tunani sosai. Ba a ce ba ya taɓa faruwa ba, amma ba shi ne abin da aka saba ba.

Guraben da ake tsallaka teku a nemo musu mutum su ne masu kusanci da aji. Wannan ya kawo mu ga jita-jitar da ke cewa ba sai kana da shaidar koyarwa ba, ƙwarewarka ta isa. Ga mai gyara, haka ne. Ga daraktan fasaha, wani lokaci haka ne, idan mutum ya riƙe babban sashe a wani wuri tsawon shekaru. Amma ga malamin kimiyyar kwamfuta da mai horar da malamai, ƙarya ce. Makarantu masu daraja suna neman digiri, da lasisin koyarwa, da aƙalla shekara biyu a cikin aji, kuma sau da yawa hukumar ƙasar ce ma ke sa sharaɗin, kamar yadda KHDA ke sa ido a kan makarantu masu zaman kansu a Dubai. Ni a ganina wannan sharaɗi daidai ne. Mutumin da bai taɓa tsayawa gaban yara ashirin ’yan shekara goma ba, ba shi da bakin gaya wa malamar da ta yi shekara goma sha biyar tana koyarwa yadda za ta sarrafa iPad a ajinta, komai iya rubuta manhajarsa.

Ga ɗan Najeriya, wannan na nufin digirin ilimi ko difilomar PGDE, da rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai. Ana kuma yawan yaɗa cewa Ingila ta buɗe wa malaman Najeriya ƙofa kowa ya zo. Abin da ya faru shi ne, a Fabrairun 2023 aka ba malaman Najeriya da Ghana da wasu ƙasashe damar neman shaidar koyarwa ta QTS, wadda makarantun tsarin Birtaniya ke girmamawa a duk duniya, amma a lokacin an taƙaita ta ga masu koyar da lissafi ko kimiyya ko harsuna ga ’yan shekara 11 zuwa 16. Shaidar ba aiki ba ce, ba kuma biza ba ce. Wanda darasinsa kwamfuta ne ya karanta sharuɗɗan a shafin gwamnatin Birtaniya da idonsa kafin ya biya wani dillali ko kwabo. Akwai kuma iQTS, wadda jami'o'in Ingila ke horar da mutum a kanta yana zaune a ƙasarsa yana koyarwa, sai dai tana da tsada.

Takardun Google Certified Educator da Apple Teacher da ake ta tallatawa suna da amfani, ba su da wuyar samu, amma ba su maye gurbin lasisi. Abin da ya fi jan hankalin shugaban makaranta shi ne ka taɓa aiki da irin kayan da suke amfani da su: ManageBac ko Toddle a makarantun IB, iSAMS a na Birtaniya, PowerSchool a na Amurka, Jamf wajen kula da ɗaruruwan iPad lokaci guda.

To, batun Bature fa? A nan ba zan yi wa kowa daɗin baki ba: wariya akwai ta. Akwai makarantun da ke sayar wa iyaye farar fuska a matsayin alamar inganci, akwai tallan aikin da ke cewa sai wanda aka haifa da Turanci a baki, kuma ƙungiyoyi irin su AIELOC, ta malamai da shugabannin makarantu waɗanda ba farar fata ba, sun daɗe suna yaƙi da wannan ɗabi'a. Wani abin kuma doka ce ba son rai ba. Bizar E-2 ta Koriya ta Kudu, ta masu koyar da Turanci, an san ta da jerin ƙasashe bakwai, kuma Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyarmu a ciki. Amma wannan biza ta koyar da harshe ce, ba ita ce ta malamin kwamfuta a makarantar ƙasa da ƙasa ba, kuma masu yaɗa jita-jita sukan cakuɗa su. Siyasa ma takan shiga: Daular Larabawa ta dakatar da ba ’yan Najeriya biza a 2022, sai a Yulin 2024 aka sanar da dawo da ita, kuma a tsakanin nan babu abin da ƙwarewar mutum za ta yi masa. Duk da haka, malamai daga Kenya da Ghana da Najeriya da Indiya da Filifin suna koyar da lissafi da kimiyya da kwamfuta a irin waɗannan makarantu, musamman da yake darussa ne da ake ƙarancin masu koyar da su. Ƙofar ta fi ƙunci a gare mu, amma ba a rufe take ba.

Hanyar da ta fi sauƙi, wadda mutane ke rainawa, ita ce a fara daga gida. American International School ta Legas da ta Abuja, Hillcrest a Jos, Lincoln Community School a Akara, American International School ta Yamai, duk makarantu ne masu bin tsarin karatun waje. Shekara biyu ko uku a irin wannan wuri, da shaidar shugaban makarantar da takwarorinsa na wasu ƙasashe za su iya kira su tambaya, ta fi tarin takardun kwas.

Maganar albashi kuwa rabi da rabi ce. Gaskiya ne babu harajin albashi a Daular Larabawa da Katar da Saudiyya, kuma gaskiya ne kwantiragin wanda aka ɗauko daga waje yakan haɗa da gida ko kuɗin haya, da inshorar lafiya, da tikitin zuwa gida, wani lokaci da gurbin karatu ga ’ya’yansa. A Yammacin Turai kuwa haraji na da nauyi, kuma da wuya a ba ka gida. A makaranta ɗaya ma za ka tarar da mutum biyu suna aiki iri ɗaya, ɗaya a kan kwantiragin baƙo, ɗaya a kan na ɗan gida, bambancin kuwa kamar sama da ƙasa. Mai shirin sa hannu ya duba wane iri aka ba shi, ya kuma duba nawa ne ainihin albashin ban da alawus, domin a Daular Larabawa kuɗin sallama a kansa ake lissafawa: ladan kwana 21 a kowace shekara cikin shekaru biyar na farko.

Mafi haɗari a cikin jita-jitar ita ce mai cewa sai ka biya kafin a ba ka aiki. Makarantar kirki ba ta sayar da gurbi. Dokar ƙwadago ta Daular Larabawa ta 2021 ta hana mai ɗaukar aiki ɗora wa ma'aikaci kuɗin ɗaukarsa. Abin da ke rikita mutane shi ne wasu sanannun kamfanonin haɗa malamai da makarantu suna karɓar kuɗin rajista. Amma irin su Search Associates, da ISS da ke aiki tun 1955, da Schrole, idan akwai kuɗi a bayyane yake a shafinsu, kuma na shiga jerin masu nema ne, ba su yi maka alkawarin aiki ba. A shafin TES kuwa tallan guraben a buɗe yake ga kowa ya karanta. Ɗan damfara salonsa daban: zai aiko da takardar ɗauka mai tambarin makaranta ta gaske ba tare da an taɓa ganawa da kai ta bidiyo ba, daga adireshin imel na Gmail ko wanda aka sauya wa harafi ɗaya, sannan ya tura ka wajen wani kamfanin tafiye-tafiye ka biya kuɗin biza. Maganinsa shi ne ka nemo shafin makarantar da kanka, ka duba ko gurbin yana nan, ka duba sunanta a jerin ƙungiyoyin makarantu irin su CIS ko COBIS ko IB, ka rubuta musu kai tsaye.

Asarar kuɗi ma ita ce mai sauƙi. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a Agustan 2023 cewa aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kimanin 100,000 a Kambodiya na iya kasancewa a tsare ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet. Da yawansu da tallan aikin kwamfuta aka yaudare su, wasu aka sauke su a Bankok aka tsallaka da su iyaka, kuma akwai ’yan Afirka a cikinsu. Matashin da ya iya Turanci ya iya kwamfuta shi ne ainihin wanda waɗannan miyagu ke farauta. Duk wanda aka ce ya taho da bizar yawon buɗe ido, za a gyara takardu idan ya iso, ya kai maganar ga hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP kafin ya sayi tikiti.

Gaggawar da ke cikin irin waɗannan saƙonni ita kanta alama ce, domin makarantun gaske ba sa ɗaukar mutum da garaje. Tun bayan da aka gano a 2014 cewa wani malami Ba'amurke ya shafe shekaru yana cin zarafin yara a makarantu daban-daban na duniya, aka tsaurara bincike ƙwarai. Za a nemi takardar shaidar hali daga ’yan sanda ta kowace ƙasa da ka zauna, za a kira shugabanninka na baya ta waya, za a tambaye ka duk wani giɓi da ke cikin tarihin aikinka. Ga mai riƙe da bayanan yara da hotunansu da kalmomin sirrin kowa, binciken ba ya yin sauƙi. Takardun karatu ma sai an tantance su a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka, kuma wannan zirga-zirga takan ci makonni.

Shi ya sa maganar cewa ana ɗauka kowane lokaci ita ma ba daidai ba ce. Yawancin makarantun suna buɗe shekara a watan Agusta ko farkon Satumba, suna fara tallata gurabe tun Oktoban shekarar da ta gabata, kuma manyan muƙamai irin na darakta sukan fita tun kafin nan. Zuwa Fabrairu ko Maris an cike mafi kyawunsu, abin da ya rage sai guraben waɗanda suka fasa zuwa. Makaranta guda za ta iya neman malaman firamare goma a shekara, amma mai horar da malamai kan fasaha ɗaya ne ko biyu gare ta, kuma kwantiragin farko yawanci na shekara biyu ne, don haka gurbin ba ya buɗewa kowace shekara. Mai son fara aiki a Agusta mai zuwa, lasisinsa da takardun da aka tantance da sunayen mutum uku da za su shaide shi ya kamata su kasance a hannunsa tun watan Satumba.