Mai Barci a Kan Itace da Mai Kwana a Rami

Shirinmu na yau zai kai mu tsibirin Filif, kudu da birnin Melbon a ƙasar Ostareliya, inda Allah cikin hikimarsa ya haɗa maƙwabta biyu da suka saɓa wa juna a kusan kowace ɗabi'a.

Na farko shi ne kowala, wanda ya ɗauki itacen turare, irin wanda muke shukawa a bakin hanyoyinmu, ya mai da shi ɗaki da rumbu gaba ɗaya. Da yake ganyen yana da dafi, kuma ɗan abin da yake bai wa jiki bai taka kara ya karya ba, sai kowala ya bi tafarkin ƙana'a irin na masu zuhudu, yana barcin sa'a 18 zuwa 20 kullum, ko ruwa da wuya ya sauko ya sha. Uwa takan haihu bayan kwana kamar 35, ɗan bai fi ƙwayar wake ba, makaho, ba gashi, amma ya rarrafa da kansa ya shige aljihun da ke cikinta. Bayan wata shida kuwa, sai ta ciyar da shi wani taushin kashi nata, wanda da shi ne hanjinsa zai iya narkar da ganyen.

Maƙwabcinsa, wato ƙaramin fengwin mai shuɗin baya, autan danginsa, nauyinsa kamar kilo ɗaya, ba ya tashi sama, fukafukansa filafilai ne. Shi kam ɗan fafutuka ne: tun kafin alfijir yake faɗawa teku farautar ƙananan kifaye, kuma miji da mata ke karɓa-karɓa wajen kwanci a kan ƙwai biyu, abin mamaki, su ma kwana kamar 35.

A ganina, wahalar tsuntsun nan ce ta fi ratsa zukatan mutane, domin daga 1985 zuwa 2010 gwamnatin jihar Biktoriya ta saye gidajen wata unguwa a tsibirin, mai suna Samalan, kaf, ta rushe su, ta mayar masa da ramukansa. Yanzu da magariba ta yi, sai ka ga tsuntsayen sun fito daga ruwa ƙungiya-ƙungiya, suna ɗari-ɗari a bakin gaɓa, sannan su ruga da tangaɗi, kowa ya nufi raminsa, alhali kowala, can cikin tsibirin, yanzu ne ma yake buɗe ido.